Waɗanda Muka Bari A Ɗaki

  Ya 'yan'uwa malamai da almajirai, da ku fatake da masu rumfa a kasuwa, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ban kuwa ga inda ya fi dacewa in faɗe ta ba sai wannan fili.

Ina da wani maƙwabci, dattijo, wanda ya yi wajen shekara arba'in yana sayar da yadi. Ba zan faɗi sunansa ba, gama iyalinsa suna nan, mutanen kirki ne kuwa. Mutum ne wanda ba ya komawa barci bayan asuba, ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a unguwa babu shi, in kuwa 'yan layinsu na kasuwa sun yi saɓani, rumfarsa a ke zuwa a sasanta. Ran nan hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. 'Ya'yansa, Allah ya yi musu albarka, ba abin da ba su yi ba. An kai shi asibiti, an sayi magani, an gyara masa ɗaki can cikin gida, an sa masa gado mai laushi da fanka da talabijin, an kuma ɗauki yaro mai juya shi da yi masa wanka. A makon farko ba ka samun wurin ajiye takalmi a ƙofar gidan saboda 'yan dubiya. A wata na biyu sai ɗai-ɗai. Kafin shekara ta kewayo, in an ambace shi a majalisa sai ka ji wani ya ce, "Af, Alhaji yana nan da rai kuwa?"

Ni ma ban wanke kaina ba, na yi wata huɗu ban leƙa ba. Ran da na shiga, bayan an yi mini iso mata sun kauce, na gaishe shi, na yi masa addu'a irin wadda a kan yi, na yunƙura zan tashi, sai ya riƙe bakin rigata da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kāna maganar ta fito. Ya ce, "Malam, shadda nawa ta kai?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wa ya ke jan salla in liman ba ya nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wane ya aurar da 'yarsa?" Na ce tun kafin azumi. Sai ya saki rigata ya juya fuskarsa bango. Mutumin nan bai roƙe ni magani ba, bai ce yana jin yunwa ba. Labarin gari ya ke tambaya, kamar wanda ya yi shekaru a uwa duniya, alhali tsakanin gadonsa da ƙofar masallacinmu bai kai taku ɗari ba.

To, jama'a, abin da na ke so mu duba ke nan. Mu Hausawa mun iya ciyarwa, mun iya sadaka, mun iya jinya gwargwadon hali. Amma da zarar mutum ya zama ba ya iya kai kansa inda jama'a su ke, ko don makanta, ko gurguntaka, ko shanyewar jiki, ko tsufa, ko ruɗewar hankali, sai mu ɗauka cewa haƙƙinsa a kanmu ya tsaya ga tuwo da magani. Mun ce zumunci a ƙafa ya ke. To, wanda ƙafar ta ƙi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana ɗauke da wata nakasa mai nauyi. Kowa ya ƙirga gidajen layinsu ya gani ko ƙarya ne.

Ku malamai kun fi ni sanin aya ta 61 ta Suratun Nur, wadda ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci. Abin lura shi ne ayar ba a kan yaƙi kaɗai ta sauka ba, maganar cin abinci ce a gidaje. Masu tafsiri sun kawo dalilai fiye da ɗaya. Waɗansu sun ce masu lafiya ne su ke gudun ci tare da su, wai don tsoron kada su zalunce su, tun da makaho ba ya ganin inda nama ya ke, gurgu ba ya iya gyara zama, majinyaci ba ya cin rabonsa. Waɗansu kuma sun ce su masu larurar ne su ke janye jikinsu don kada a ji ƙyamarsu. Ku dubi dalilin farko da kyau. Tausayi ne, tsoron Allah ne ma a ganinsu, amma ƙarshensa makaho yana cin abinci shi kaɗai. Sai Alƙur'ani ya rushe wannan tausayin, ya mai da su bakin akushi ɗaya. Irin wannan tausayin ne ya kulle maƙwabcina a ɗaki.

Kun kuma san wanda Suratu Abasa ta sauka saboda shi, watau Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah ya yarda da shi. Bayan saukarta ba a ce ya zauna gida a riƙa aika masa da abinci ba. Ladani aka yi shi tare da Bilal, aka kuma bar masa Madina yana jan salla, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sa'ad da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita yaƙi. Ummu Salama ta yi rashin lafiya a Makka, ba a ce ta haƙura da ɗawafi ba, sai aka umurce ta ta yi shi a kan abin hawa ta bayan mutane. Shi kansa Ma'aiki a ciwonsa na ƙarshe, da ya ji dama-dama, tsakanin mutum biyu ya fito masallaci, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Ibnu Mas'ud kuwa ya ba da labarin cewa a zamaninsu a kan riƙo mutum ta hagu da dama har a tsai da shi cikin sahu. Rangwame yana nan ga wanda ba zai iya ba, ba mai musun wannan, Itban ɗan Malik da ganinsa ya raunana an yarje masa wurin salla a gidansa. Amma rangwame na mai larura ne, shi zai ɗauka ko ya bari. Ba namu ba ne da za mu ɗora masa don mu huta da ɗawainiyarsa.

Ga wata fa'ida ga gardawa da alarammomi. Duk wanda ya buɗe Muwaɗɗa zai yi ta cin karo da sanadin nan na Malik daga Abuz Zinad daga A'araj daga Abu Huraira. A'araj fa, gurgu ke nan da Larabci. Sunansa Abdurrahman ɗan Hurmuz, ya rasu a Iskandariya a shekara ta 117 bayan hijira, yana kuma cikin malaman da Nafi'u ya yi wa karatu, Nafi'un nan da Warshu ya ɗauka daga gare shi. Watau karatun da mu ke rubutawa a allo tun muna 'yan kotso, ta hannun gurgu ya biyo kafin ya iso tsangayarmu. Imam Shaɗibi, wanda ba mai shiga ilmin ƙira'a bai bi ta kan baitocinsa ba, makaho ne, ya rasu a Alƙahira a 590. Da mutanen Madina da na Masar sun ajiye waɗannan a ƙuryar ɗaki, da me za mu karanta? Ɗabari ya ambata cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96, ya yanka wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu kuma mai hidima, daga baitulmali. Ɗan jagora kuwa ba don zaman ɗaki a ke ba da shi ba.

Mu dawo gida. Kakanninmu ba su karanta dokokin Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma tsarin garinsu ya bar wa mai larura wuri. Gidan Bahaushe yana da zaure, ƙofar gida tana da dakali ko inuwar bishiya. Tsohon da ƙafa ta gaza, da hantsi a kan fito da shi a shimfiɗa masa buzu, mai wucewa ya durƙusa ya gaishe shi, mai tallan goro ya tsaya, yara su kawo ƙara ya raba, da yamma abokansa su zo a ci tuwo tare. Bai je ko'ina ba, amma gari ya zo masa. Tsohuwa kuwa ita ce uwar tatsuniya da kacici-kacici, ko ba ta gani jikoki na kewaye da ita. Makafi da guragu da kutare da bebaye kowane jinsi da sarkinsa wanda fada ta san da shi, suna da unguwanninsu, suna aure a tsakaninsu da waje, suna yin bukukuwansu, suna shari'ar junansu. Makafi kuwa su ne taskar waƙoƙin wa'azi da na bege. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, tun yana jariri ya rasa ganinsa, ya yi karatu, ya yi waƙar da ta game ƙasar Hausa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma haura shekara casa'in yana cikin jama'a.

Kada in yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Yawancin wannan fita da shiga a kan bara aka gina ta, bara kuwa ba daraja ba ce, kuma ta cinye ƙuruciyar dubban yaran da aka hana karatu aka riƙa musu sanda. Gwamnatoci a jihohi da dama sun hana bara a titi, ni kuwa ba na cikin masu kukan hanawar. Sai dai a tuna, ga makaho da yawa yawon nan shi ne kasuwarsa, shi ne majalisarsa, nan ya ke jin wanda ya mutu da wanda ya haihu. In an rufe wannan ƙofa ba a buɗe wata ba, an ƙara yawan mazauna ɗaki ne kawai.

Sa'an nan ginin zamani ya zo ya ƙarasa. Yanzu mai hali in ya tashi gini sai ya ja katanga mai tsawo, ya sa ƙofar ƙarfe da maigadi, babu zaure, babu dakali, ɗakin maigida ma wani lokaci a bene. Da lafiyarsa ba ya jin komai, tun da mota na fitar da shi. Ran da ya kwanta, abokinsa na shekara talatin ba shi da inda zai zauna su yi hira sai ya ratsa ta gaban matan gida, Bahaushe kuwa ba ya son wannan, sai ya zo sau ɗaya don sauke nauyi, ba ya komowa. Ba mugunta ce ta raba maƙwabcina da mutane ba, rashin zaure ne da kunya. A kan ce ai ga rediyo, ga waya. Gaskiya ne, tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962 akwatin nan ya zama abokin makafi da tsofaffi, waya kuma yanzu tana karanta wa makaho saƙo da murya. Amma rediyo ba ya amsa sallama, ba ya tambayarka ra'ayinka, ba ya dariya in ka yi barkwanci.

Likitocin zamani ma sun tarar da mu a nan. Bincikensu ya nuna kaɗaici mai tsawo yana tafiya tare da ciwon zuciya da shanyewar jiki da ruɗewar tsufa da baƙin ciki mai kwantar da mutum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan wannan a 2023. Masu gyaran gaɓoɓi kuwa kullum faɗarsu ɗaya ce, gaɓar da ba a motsa ta sai ta ƙage, harshen da ya yi nauyi ba abin da ke sassauta shi sai yawan magana, mai kwanciya wuri ɗaya kuma fatarsa ta kan ɓare ta zama gyambo. Wa zai yi ta magana da bango?

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa mini shi. Da na tuntuɓi babban ɗan maƙwabcina a kan a riƙa fito da mahaifinsu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, mutane za su ce mun gaji da shi. Kuma yawu na zuba masa, ba na son a gan shi haka." Na ce masa, "Ɗana, kai ne ba ka so, ko shi? Ka tambaye shi?" Bai tambaye shi ba. A gefen Kano akwai asibitin kutare da a ke kira Yadakunya. Ko wane ne ya raɗa sunan nan ya san ciwonmu, gama sau da yawa kunyar dangi ta fi cutar nauyi. Yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa a ɓoye shi ran suna don kada surukai su gani. Budurwa gurguwa a bar ta tsaron gida ran kamu, ƙawayenta na can suna guɗa. Mai farfaɗiya a ware masa ƙwarya, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa ko kusa.

Tun da na ambaci kutare, bari in tsaya a nan kaɗan, don na san malamai za su kawo mini labarin da ke cikin Muwaɗɗa, na Sayyidina Umar da ya ga wata mai kuturta tana ɗawafi ya nemi ta zauna a gidanta don kada ta cutar da mutane. Labarin yana nan. Amma dalilin hukuncin cutarwa ce, hukunci kuwa yana kewayawa tare da dalilinsa, wannan ƙa'idarku ce, ba tawa ba. A 1873 wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar. Tun 1981 a ke ba da magani mai haɗin ƙwayoyi, na wata shida ko goma sha biyu, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da shi a duniya duka. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar, galibin mutane ma jikinsu ba ya kamuwa da ita tun asali. Dungun da ka gani a hannun dattijon da ya warke shekara ashirin da suka wuce tabo ne, ba cuta ba ce. Da wane dalili za a hana shi sahun gaba, ko a ƙi miƙa masa hannu? Da haka muka fara, in ji kuturu da ya ga mai ƙyasfi, ba kuwa wanda ya karɓi takardar tabbacin lafiyarsa zuwa gobe.

Wani kuma zai ce, to masallaci mun ji, karatu mun ji, amma wasa da nishaɗi fa, ba lagawu ba ne? Na san Risala ta tsananta a kan shaɗaranji da irinsa, na kuma san dattawanmu da yawa ba su daina haƙa gidajen dara talatin a gindin bishiya ba. Wannan na bar wa masu fatawa. Abin da na ke cewa shi ne, duk hutun da ka halatta wa kanka, kada ka haramta wa ɗan'uwanka shi don ya nakasa. In kana zuwa kallon hawan Daushe, shi ma yana da ido ko kunne. In kana zuwa tafsirin azumi, da zaman Ishiriniya a watan Mauludi, da walimar saukar karatu, da hirar bayan isha'i, da kallon tashe a ƙofar gida, shi ma ransa irin naka ne. Ba ya zama waliyyi mai gudun duniya don kawai ƙafarsa ta shanye.

Gani ya kori ji. Wanda bai taɓa ganin ƙwallon guragu ba, ya nema ya gani. Samari ne waɗanda shan inna ya shanye wa ƙafafu, kowa zaune a kan ɗan katako mai ƙafafun gurgura, ya sa silifa a hannu yana tura ƙasa, da hannun kuma ya ke bugun ƙwallo, da gudun da mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske. Wani mutumin Kano, Misbahu Lawan Didi, shi ma shan inna ya taɓa shi, shi ya ƙago wasan a 1988, ga shi yanzu jihohi suna karawa da juna, an kuma saba yin gasarsa wajen ranar 24 ga Oktoba, ranar tunawa da cutar a duniya. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka ran 25 ga Agusta 2020, alhamdu lillahi, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu kuwa yanzu ne su ke ganiyar ƙarfinsu. A Kano ɗin dai, ƙungiyarsu ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada ta daɗe tana ƙera kekunan hannu masu ƙafa uku. Ku lura, ba masu lafiya ne suka zauna suka tausaya suka shirya musu waɗannan ba. Su suka yi abinsu. Abin da su ke nema gare mu fili ne, da hanya, da 'yan kallo.

Haka kurame. Suna da maganar hannu tasu ta Hausa tun kaka da kakanni, suna da wuraren da su ke taruwa da yamma su yi ta hira har dare, mahauta da 'yan tireda da yawa kuwa sun iya ciniki da su. Amma kurma ya kan yi shekara hamsin yana zuwa Juma'a bai taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Mutum guda da ya iya hannu, a tsaye a gefe guda na masallaci, ya isa ya kawar da wannan.

Hukuma ta yi nata a takarda. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan haƙƙin masu nakasa ta keɓe sashe na 30 ga shiga al'adu da wasanni da hutu. Jamhuriyar Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci a Nijeriya, wadda ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairu 2024. Kowa ya dubi masallacin unguwarsu da sabbin benayen kasuwa ya ba kansa amsa.

A nan ne maganar ta zo kanku, ya ku attajirai. Kuna gasar gina masallatai, Allah ya karɓa. Amma sai a ɗaga ginin da matakala biyar ko bakwai don ya yi kwarjini, a shafe shi da tayil mai santsi, wurin alwala a yi shi sai mai iya tsugunno, kewaye kuwa ƙofarsa ko mai ƙiba da ƙyar. Gurgu ya bar kekensa a rana ya ja jiki ta cikin ruwan alwalar mutane, sa'an nan a ce tufafinsa ba su da tsarki. Gyaran ba wani abu ba ne. Magina sun san ƙa'idar gangara: kowane inci ɗaya na tsayi a ba shi inci goma sha biyu na tsawo, watau dakali mai inci shida gangararsa ƙafa shida, ƙofa kuma ta kai faɗin ƙafa uku, a sa ƙarfen riƙo a gefe, a ajiye kujera biyu a wurin alwala. Kuɗin wannan bai kai na fitila ɗaya cikin manyan fitilun da a ke ratayawa a tsakiyar masallaci ba. Duk wanda ya je Makka ya ga yadda a ke tura tsofaffi a keke suna ɗawafi da sa'ayi, ba wanda ya ce ƙafar keke ta ɓata Harami. A Azhar ta Masar, inda a dā mutanen Barno su ke da ruwaƙinsu, har zawiya aka gina wa makafi masu karatu da dukiyar wani mai hali. Wakafi ba sai rijiya da maƙabarta kaɗai ba. A-daidaita-sahu guda da direbansa, wanda aikinsa ɗauko tsofaffin unguwa ran Juma'a da ran ɗaurin aure, shi ma wakafi ne.

Ban manta da mata ba, nasu ma ya fi tsanani, gama namiji ko ba komai a kan tuna da shi ran Salla. Tsohuwar da ta makance ko ƙugunta ya ƙi, ita da biki sai dai ta ji kiɗan ƙwarya daga nesa, a aiko mata da ƙunshin alkaki. Makarantun Islamiyya na matan aure sun cika gari, amma kaɗan ne suka taɓa tunanin kai darasi ɗakin wadda ba ta iya zuwa, ko da sau ɗaya a mako, alhali ɗalibai biyar da malama ɗaya sun isa su mai da ɗakin majalisa. Akwai kuma wadda ba a ambato, ita ce mai jinyar: matar, ko 'yar, ko surukar da ta yi shekara uku ba ta je sunan 'yar'uwarta ba don ba mai karɓarta. In an fitar da majinyaci na yini guda, mutum biyu aka fitar.

Amma maƙwabcina, daga baya ɗan nasa ya tambaye shi. Ba a kai ƙarshen tambayar ba ya ce a ɗauko masa hularsa. Aka yi shawara da 'yan layinsu, aka tsai da Litinin da Alhamis. Ran farko an sha wuya, domin kwatar ƙofar gidan ta hana keke wucewa sai da aka ɗora katako, mai a-daidaita-sahu kuma ya yi ta ƙorafin ɓata lokaci. A kasuwa waɗansu suka riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, waɗansu suna tambayar ɗansa, "Yaya jikin nasa?" alhali ga shi zaune yana jinsu. Wani ma, don rashin sani, ya ajiye masa naira hamsin a cinya. Alhaji ya dube ta, ya dubi mutumin, ya kira yaron shago da hannu ya sa a ba bakon ruwan sanyi, a kuma mai da masa kuɗinsa.

A mako na uku aka kawo wata dila, yaran suna ta yaba ta, har an fara maganar kuɗi. Ya ce a miƙo masa bakin ƙyallen. Ya murza shi da yatsun hagu, ya kai kusa da kunne ya sake murzawa, ya girgiza kai. Maganar ba ta fita sosai ba, amma duk wanda ke rumfar ya gane ta, cewa ya yi kwalli ne aka sha da shi, in an wanke sau ɗaya zai zama tsumma. Aka jiƙa gefe aka gani, haka ne. Dillalin ya naɗe kayansa ya yi gaba, 'yan layi kuwa suka yi ta dariya har da masu tafawa, shi ma yana yi da rabin bakinsa, yawun na zuba, ƙaramin jikansa na share masa da gefen rawani.

Ya yi shekara biyu da wata bakwai a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, ran wata Laraba da dare, an riga an goge masa rigar da zai sa gobe. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu. Keken yana nan, yanzu wani tsohon ladani a ke ɗaukowa da shi, katakon kan kwatar kuwa an cire an zuba siminti.